Zazzaɓin dengi a jikin yara: ranar da jiki ya yi sanyi ita ce ranar sa ido

Mu dai a gidajenmu abin da muka tashi muka tarar shi ne in yaro ya kwana uku jiki rau kamar garwashi, sai ran na huɗu uwa ta taɓa goshi ta ji sanyi, shikenan sai hamdala, a ce sauƙi ya samu, a ɗora tukunya a koma harkokin gida, maigida ma ya fita kasuwa da kwanciyar hankali. Kuma a yawancin cututtukan da muka sani hakan ne, ba a yi kuskure ba. To amma akwai zazzaɓi ɗaya da ya saɓa wannan lissafin gaba ɗaya, shi ne dengi, wanda shi a wajensa lokacin da zafin jiki ya sauka shi ne daidai lokacin da yaron da zai rikice yake rikicewa, kuma wallahi wannan abu ɗaya kawai in ya zauna a kan iyaye da masu kemis da ma'aikatan ƙananan asibitoci to an rage asarar rai ba kaɗan ba.

Wani zai ce ai wannan ciwon mutanen Indiya ne da Tailan da Barazil, mu ina ruwanmu. Gaskiya ne can ya fi ƙarfi, a 2024 kaɗai rahoton da ya isa Hukumar Lafiya ta Duniya ya haura mutum miliyan 14, mafi yawa daga Kudancin Amurka. Amma fa tun a shekarun 1960 aka gano ƙwayar cutar a jinin masu zazzaɓi a Ibadan. A ƙarshen 2023 hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta Najeriya, NCDC, ta sanar da ɓullarsa a Sakkwato, mutum 71 ake zargi, 13 aka tabbatar da gwaji. A shekarar dai Burkina Faso ta ga tashin hankali, kusan mutum 700 suka rasu, galibi a Wagadugu da Bobo, Chadi ma ta sanar da nata a Abeche a watan Agusta, a Sudan kuwa Gadarif da Kasala inda 'yan uwanmu Hausawa suke da yawa sun sha fama da shi ba sau ɗaya ba. Kenan ya zagaye mu ta gabas da yamma, kuma abin da ya sa ba ma jin sunansa sosai shi ne ba ma gwada shi, duk zazzaɓi a wajenmu maleriya ne, in an sha magani bai tafi ba a ce taifot, in shi ma bai tafi ba a ce maleriya mai taurin kai.

Sauron da ke kawo shi daban yake da na maleriya. Baƙi ne mai ɗigo-ɗigon fari a ƙafa, da rana yake cizo musamman da hantsi da kuma la'asar sakaliya zuwa magariba, kuma ba a kwata yake son haihuwa ba, ruwa mai ɗan tsabta yake so, randa da ba a rufe ba, jarka, durom ɗin da aka tara ruwan sama, tsohuwar taya a bayan gida, kaskon ruwan kaji. Duk unguwar da ruwan famfo ba ya zuwa ake tara ruwa a mazubi to an yi masa ɗaki da falo. Shi ya sa gidan sauro na dare kaɗai ba ya tare shi, yaro yana tsakar gida yana wasa ko yana aji aka cije shi, bayan kwana 4 zuwa 10 zazzaɓi ya taso.

Yanzu me yake faruwa a cikin jiki a wannan rana da zafi ya sauka? Kun san sabuwar randa yadda take tsattsafo da ruwa ta jikinta ba tare da ta fashe ba, ka cika ta da dare da safe ka ga ƙasanta a jiƙe ruwan ya ragu. To haka ƙananan jijiyoyin jini suke zama a wasu masu dengi, tsakanin kwana na 3 da na 7 da fara ciwo, ruwan da ke cikin jini sai ya riƙa tsiyayewa ta bangon jijiya yana taruwa a cikin ciki da kewayen huhu, ƙwayoyin jinin su kuma suna nan a ciki, sai jinin ya yi kauri ya kuma ragu, zuciya tana bugawa amma abin da za ta tura ya yi kaɗan. Wannan tsiyayar ba ta daɗewa, awa 24 zuwa 48 ne ta tsaya da kanta, duk rigimar dengi a kan waɗannan kwana biyun take. Yara sun fi manya shiga wannan hali don jijiyoyinsu dama sun fi saurin tsiyaya kuma jinin jikinsu ba shi da yawan da zai jure ragi.

Abin da ke yaudarar mutane, har da ma'aikatan lafiya wani lokacin, shi ne yaron da ya fara shiga wannan hali idonsa biyu, yana magana, yana amsa sunansa, in an auna hawan jininsa lambar sama tana nan daidai. Sai an kula da tazarar da ke tsakanin lambar sama da ta ƙasa, in ta matse ta koma 20 ko ƙasa da haka, misali 100 bisa 85, to yaron yana bakin rami ko da yana murmushi. Ke uwa ba ki da abin awo amma kina da hannu, taɓa tafin ƙafarsa da hannunsa, in sun yi sanyi ƙalau da danshi alhali gangar jikin da ɗumi, in kin danna farcensa ya yi fari ya ɗauki fiye da daƙiƙa 2 kafin ja ya dawo, in ya wuce awa 6 bai yi fitsari ba, in yana ta amai ba tsayawa ko yana riƙe ciki yana kuka, ko ya yi laƙwas yana ta barci ko kuma akasin haka ya kasa zama wuri ɗaya yana ta juye-juye, ko kin ga haɓo ko jini a dasashi, to ba a jira gari ya waye, asibitin da ke da gado da ɗakin gwajin jini za a nufa.

Wannan ita ce fuskar da littattafan likitanci suka fi sani. Amma dengi yana da wasu fuskokin da in ya zo da su ba wanda zai kawo shi a ransa, har sai da ofishin Hukumar Lafiya ta Duniya na kudu maso gabashin Asiya ya ware musu babi na musamman a ƙa'idojinsa na 2011, saboda likitocin yara a Indiya da Siri Lanka da Tailan sun yi ta ganin yaran da ciwon ya kama musu wata gaɓa guda ba tare da ma an ga tsiyayar ruwan sosai ba. Kuma abin da ya dame ni shi ne kowace ɗaya daga cikin fuskokin nan mu muna da sunan da muka riga muka tanadar mata, sunan da zai rufe ƙofar bincike.

Ɗauki ƙwaƙwalwa. Yaro na zazzaɓi sai ya fara surutai, bai gane mamarsa ba, ko ya shiɗe yana taune-taune idanu sun kafe, ko wuya ya sanƙare. A gida za a ce iska ce ko shafar aljanu, a kawo hayaƙi da tofi, a asibiti kuma za a ce maleriya ce ta hau kai ko sanƙarau, kuma lallai dole a fara duba waɗannan biyun don sun fi yawa a wajenmu kuma suna da magani. Sai dai dengi ma yana yin haka ta hanya fiye da ɗaya. Wani lokaci ƙwayar cutar ce da kanta ta shiga ƙwaƙwalwa ta kumbura ta, wani lokaci kuma ƙwaƙwalwar lafiyarta lau, jini ne bai isa gare ta ba, ko hanta ta gaza guba ta taru, ko gishirin jiki ko sukari ya faɗi ƙasa, ko jini ya zuba a cikin kai. Amfanin rarrabewa shi ne wasu daga ciki ana gyara su cikin mintuna, yaron da sukarinsa ya faɗi don ya kwana biyu bai ci komai ba ana ɗura masa sukari ta jijiya zai farfaɗo, amma in an tsaya hayaƙi a ɗaki wannan damar ta wuce.

Sai ciki, kuma nan ne nake ganin an fi yin kuskure mai tsada. Dengi na iya kawo ciwon ciki mai tsanani ta gefen dama har likita ya danna yaro ya yi ƙara, kowa ya ce afendis ne a shirya tiyata. Wani kuma bangon matsarmamarsa ne ya kumbura ya yi kauri ba tare da tsakuwa ba, in an yi sikanin sai a gani ɓaro-ɓaro, alhali ruwan nan ne da ke tsiyaya ya jiƙa ta kuma da kansa zai koma. A ƙasashen da suka saba da ciwon an sha buɗe cikin yara a tarar da afendis lafiya lau, sannan a shiga fama da jinin da ya ƙi tsayawa, don a daidai wannan lokacin ƙwayoyin da ke daskarar da jini, waɗanda ake kira filatilet, sun zube. Mai lafiya yana da 150,000 zuwa sama, mai dengi sai su sauko ƙasa da 100,000, wani har 20,000. Saboda haka yaron da ya kwana huɗu yana zazzaɓi sannan ciwon ciki ya biyo baya, kafin a kai ga wuƙa a nemi cikakken gwajin jini a ga adadin filatilet da farin jini, in duka biyun sun yi ƙasa to a dakata a yi tunani.

Hanta kuwa kusan duk mai dengi tana ɗan taɓuwa, ta kumbura ta yi ciwo in an danna ƙarƙashin haƙarƙarin dama, yawanci ta warke ba a ma sani ba. A wasu yaran ne abin ke yin nisa, ido ya yi ɗorawa, a gwada sinadaran hanta a ga sun haura 1000, yaro ya fara ruɗewa. Mu kuma da mun ga ido ya yi rawaya sai mu ce shawara, a jiƙo saiwoyi da sassaƙe a ɗura masa, hantar da dama take neman hutu a ƙara mata aiki. Kuma akwai hannun farasitamol a nan, don shi ne maganin zazzaɓin da aka yarda a ba mai dengi amma shi ma hanta ce ke sarrafa shi, uwa ta ga zafi ya ƙi sauka ta ba da siraf yanzu, bayan awa biyu ta ƙara, ga kuma maganin mura da aka haɗo mata a kemis shi ma da farasitamol a ciki ba ta sani ba. Ƙa'idar ita ce miligiram 10 zuwa 15 a kan kowane kilo na nauyin yaro, tazarar awa 6, kar ya wuce sau 4 a yini da kwana, in zafi ya dawo kafin lokaci a shafa masa ruwa mai ɗumi-ɗumi da tsumma.

Akwai wata fuskar da ke tayar da hankalin iyaye fiye da haɗarinta, yaro ya tashi da safe ya ƙi taka ƙasa, in an tsayar da shi ya yi ɗage a kan yatsu yana kuka sha-raɓarsa na ciwo. Mu da muka ga abin da shan inna ya yi mana dole gaba ya faɗi. Sau da yawa naman ƙafar ne ya kumbura saboda ƙwayar cutar kuma cikin mako guda yake sakin sa. Amma a kai shi a duba, don in fitsarinsa ya koma kalar shayi ba madara to naman yana narkewa ne yana toshe ƙoda, in kuma ƙafar ba ciwo take ba saki ta yi, raunin yana hawowa daga ƙasa zuwa sama kwanaki ko makonni bayan zazzaɓin ya tafi, wannan jijiyoyin laka ne garkuwar jiki ta juya ta far musu kuma yana iya kaiwa ga numfashi. Zuciya ma takan kumbura, yaro ya riƙa haki bugun ya rikice, irin wannan in aka yi ta ɗura masa ruwa kamar sauran sai huhu ya cika. Wasu yara maza marainansu kan kumbura da ruwa, 'yan mata da suka fara al'ada kuma jinin kan zo da yawa ya ƙi ɗaukewa, kuma kunya takan hana yarinya faɗa, sai uwa ta tambaya da kanta a keɓe.

Wanda ya fi wuyar ganewa shi ne in zazzaɓi ya wuce kwana 7 bai sauka ba, saifa da hanta sun kumbura, jini da farin jini da filatilet duk suna ta zubewa. Dengi na yau da kullum ba ya kai haka, to ko dai wata cuta ta hau kai, ko kuma garkuwar jiki ce ta haukace ta koma cin ƙwayoyin jinin mai ita, likitoci na kiran wannan HLH, ana gane shi da gwajin feritin da ke tashi sama sosai, kuma maganinsa daban ne da na dengi.

Jarirai lamarinsu ya fi ban tausayi, kuma dalilin sai an koma ga yadda ƙwayar take. Iri 4 ce, wanda ya kamu da ɗaya ya warke ya samu kariya daga wannan irin, amma sauran ukun kariyar ta ɗan lokaci ce, bayan nan sojojin jikin da suka san na farko in suka haɗu da na biyu sai su kama shi amma su kasa kashe shi, a maimakon haka su yi masa rakiya har cikin ƙwayoyin jiki ya hayayyafa fiye da da. Shi ya sa kamu na biyu ya fi na farko haɗari. Kyuba ta ga wannan ƙiri-ƙiri, iri na 1 ya ratsa ƙasar a 1977 ba mace-mace sosai, da iri na 2 ya shigo a 1981 mutum sama da dubu 340 suka kamu, 158 suka rasu, 101 daga cikinsu yara ne. To jariri fa da bai taɓa kamuwa ba? Shi ya gaji sojojin mahaifiyarsa tun a ciki, watannin farko suna kare shi, da ya kai wajen wata 6 zuwa 9 sun ragu sun kai matakin da ba sa iya kashewa sai rakiya, sai kamunsa na farko ya zo masa da zafin na biyu. Kuma jariri ba zai ce kaina ko bayan idona ke ciwo ba, abin da za a gani tari ne da majina da gudawa da ƙin nono, wani da jijjiga, a daidai shekarun da kowace kaka za ta ce haƙori ne.

A Kyuban nan dai aka lura masu sikila da masu asma sun fi shiga haɗari, kuma wannan ya shafe mu kai tsaye don babu ƙasar da ta kai Najeriya yawan haihuwar yara masu sikila. Ga inda matsalar take, likita yana gane tsiyayar ruwa ne ta hanyar PCV, wato awon yawan jajayen ƙwayoyi a cikin jini, in ya tashi da kashi 20 cikin 100 a kan yadda yake da. To yaron da dama PCV ɗinsa 24 ne saboda sikila ko rashin abinci ko maleriya mai maimaituwa, in ya koma 31 wanda bai san shi ba zai ce ma sha Allah jini ya ƙaru, alhali kauri ya yi. Don haka duk iyayen da suka san adadin jinin ɗansu na yau da kullum su faɗa wa likita tun a bakin ƙofa, kuma gwaji ɗaya ba ya isa, sai an maimaita an ga ina ya dosa. In kuma PCV ya faɗi kwatsam yaro bai ji sauƙi ba to jini na zuba a ciki, a duba kashinsa ko ya yi baƙi kamar kwalta. Saboda wannan ne ma a ƙasashen da suka saba ake hana ba mai dengi abin sha ja ko baƙi, mu a nan sai mu ce zoɓo da lemon kwalba mai duhu, don in ya yi amai a iya bambance jini da abin da ya sha. Ruwan gishiri da sukari, kunu mai ruwa-ruwa, romo, ruwan lemon zaƙi, nono ga mai shan nono, su ake so.

Maganar kemis ba zan tsallake ta ba duk da na san su ne asibitin talaka kuma da yawansu suna ƙoƙari. Abin da aka saba haɗa wa mai zazzaɓi da ciwon jiki, ibufurofen ko dikulofenak ko asfirin, su ne daidai abin da ke hana jini daskarewa ya kuma ƙwarzane tumbi, ga mai dengi guba ne. Allurar ɗuwawu da muke ganin ita ce magani mai ƙarfi, a jikin yaron da filatilet ɗinsa suka zube sai jini ya taru a cikin naman ya yi ƙulli. Ƙarin ruwa kuma da ake rataya wa a gida leda bayan leda, shi ne maganin dengi na gaskiya amma da ma'auni, ana lissafa shi da nauyin yaro ana duba shi awa-awa ana ragewa, domin duk ruwan da ya tsiyaye zai dawo cikin jijiya bayan kwana biyun nan, in an riga an cika shi da leda biyar sai ya dawo ya tarar ba wuri, fuska ta kumbura huhu ya cika, yaron da ya tsallake ciwon ruwan magani ya kashe shi. Haka ma rige-rigen neman a ƙara filatilet don kawai lamba ta yi ƙasa, in ba jini ke zuba ba bincike bai nuna yana da amfani ba, da kansu suke hawowa. Inda ake kula da masu ciwon yadda ya dace mutuwa ba ta kai 1 cikin 100 ba, in aka bar mai tsananin ba kulawa tana iya haura 20.

Gwajin kansa yana da lokaci, a kwana 5 na farko NS1 ake nema, wato alamar ƙwayar cutar kanta, bayan nan IgM, wato sojojin da jiki ya haɗa don yaƙarta, in aka yi su a juye sai a ce babu alhali akwai. Kuma don gwajin maleriya ya nuna akwai ba shi ke nufin babu dengi ba, a damina yaro na iya ɗauke da biyun, a ba shi maganin maleriyarsa cikakke amma in kwana 2 zuwa 3 ba canji a koma a ce likita don Allah a duba mana jinin gaba ɗaya.

In an tsallake kwana biyun, alamar farko da za ki gani ita ce yaro ya ce zai ci abinci, fitsari ya yawaita, wani sai kurji ja ya feso masa a ƙafafu da hannuwa da ɗan fari-fari a tsakani, tafin hannu da na ƙafa su yi ta ƙaiƙayi, bugun zuciya ya ɗan yi sanyi. Wannan ba ƙyanda ba ce kuma ba maganin ne ya ƙi shi ba, warkewa ce, a nan ake cire ƙarin ruwan da aka rataya masa. Kasala kan ɗauki mako ɗaya ko biyu, a bar shi ya huta da ƙwallo da guje-guje har filatilet su dawo, in babba ne ya ce yana gani dishi-dishi a kai shi wajen likitan ido. Takardar gwajin kuma a adana ta cikin kayan uwa tare da katin rigakafi, domin duk ranar da wani zazzaɓin ya sake kama shi, ko bayan shekara uku ne, likitan da zai duba shi yana buƙatar ya san an taɓa yin na farko.